Randa, jarka, bokiti mai famfo ko tanki: ina ya fi a ajiye ruwan sha?

Ƙanwata ta tare a sabon gida can bayan garin Bauchi, inda bututun ruwan madatsar Gubi bai kai ba tukuna. Ruwa sai na 'yan ga-ruwa, sai kuma bohol ɗin unguwa ranar da aka kawo wuta. Ba ta cika sati biyu ba gardamar mazubi ta tashi. Surukarta ta aiko da randa daga ƙauye, har da faifai da moɗa. Maigidan yana ta lissafin kuɗin tanki. Ita kuwa da jarkoki ta saba tun a gidanmu. Sai ta kira ni: "Yaya, kai da kake koyar da ilimin halittu, wanne ya fi?" Na ce kafin in ba ta amsa, ta wanke hannu ta zura yatsa cikin jarkar da ta fi daɗewa a wurinta, ta shafo bangon da ke ƙasa da wuya. Ta yi shiru, can ta ce, "Kai! Santsi kamar an zuba miyar kuɓewa."

Wannan santsin ne ya kamata ya raba gardamar. Gidaje da yawa na samun ruwa mai kyau daga bohol mai zurfi, amma ruwan ya lalace a cikin ɗaki, a mazubin da aka yarda da shi.

Mene ne wannan yauƙin?

Ƙwayoyin bakteriya ba su cika son yawo ɗai-ɗai a cikin ruwa ba. Da sun sami bango sai su maƙale, su fitar da wani abu mai danƙo su lulluɓe kansu, su ci gaba da hayayyafa a ƙarƙashinsa. Maƙalewar kan fara cikin 'yan sa'o'i, bayan 'yan kwanaki wurin ya zama unguwa guda, iri daban-daban na zaune tare. Masana na ce masa bayofim. Ni a aji yauƙi nake ce masa, yara kuma nan take suke ganewa, don kowa ya taɓa shafa shi a bakin kwata ko a gindin buta. In ya ƙosa sai ya riƙa ɓantarewa yana sakin ƙwayoyi cikin sabon ruwan da aka zuba.

A 1683 wani ɗan kasuwar yadi a ƙasar Holan, Antoni van Leeuwenhoek, ya kankaro dauɗar haƙoransa ya duba ta da gilashin da ya ƙera da hannunsa, ya ga halittu na motsi a ciki. Ya kuma lura cewa in ya kuskure baki da ruwan khal, na sama-sama kaɗai ke mutuwa, na can ciki suna nan da ransu. Kusan shekara 300 bayan haka, a 1978, wani masanin bakteriya, Bill Costerton, da abokan aikinsa suka bayyana cewa a maƙale ɗin nan yawancin bakteriya ke rayuwa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna ƙwayar da ke cikin yauƙi na iya jure maganin da ya ninka wanda ke kashe 'yar'uwarta mai yawo sau goma, sau ɗari, wani lokaci har sau dubu.

A jikin mutum ma yauƙin ne ke sa wasu cututtuka ƙin jin magani. Dauɗar da ke ruɓar da haƙori da kumbura dasashi irinsa ce. Robar fitsari da ta daɗe a jikin majiyyaci kan yi shi, dalilin da ya sa likitoci ke canza ta ke nan maimakon su yi ta ɗura magani. Gyambon da ya ƙi warkewa, musamman a ƙafar mai ciwon suga, sau da yawa sai an kankare samansa kafin magani ya kama. Ƙwayar taifod kan yi yauƙi a kan tsakuwar matsarmama, mutum ya warke sarai amma ya ci gaba da fitar da ita a bayan gida shekara da shekaru. A jiki ko a jarka, magani shi kaɗai ba ya cire yauƙi, sai an haɗa da gurzawa.

Ba wai ina tsorata mutane ba ne. Yawancin ƙwayoyin da ke bangon mazubi ba sa kawo cuta. Illar yauƙin ita ce yana ba mugayen mafaka in sun shigo, kuma yana shanye kulorin ɗin da aka sa don a kashe su. Ƙwayar kwalara, Vibrio cholerae, gwana ce wajen yin yauƙi. Mu a Bauchi ba sai an ba mu labarinta ba: a 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a faɗin Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma jiharmu ce ta fi kowace yawan waɗanda suka kamu.

Abin da za a duba kafin a saya

Tambaya ta farko: in za a ɗebi ruwa, hannu ko moɗa na taɓa shi? Ta nan yawancin ƙazanta ke shiga ruwan da aka ajiye. Ta biyu: soso na kaiwa kowane lungu na cikin mazubin? In ba ya kaiwa, yauƙi ya sami gidan zama ba kuɗin haya.

Waɗannan tambayoyi biyu ba sa ga-maciji da juna, kuma a nan gizo ke saƙar. Bakin da ya isa hannunka ya shiga ya wanke, ya isa hannun yaro ya shiga ya ɓata. Bakin da ya hana hannun yaro, ya hana soso.

Sauran ukun sun fi sauƙi. Bangon ciki sumul yake ko yana da kaushi da ƙarce-ƙarce, kuma haske na ratsa shi? Kaushi na riƙe ƙwayoyi, haske na tsiro da gansakuka. Sannan kwana nawa ruwa ke yi a ciki kafin ya ƙare tas? Mazubin da ake ƙara wa ruwa a kan tsoho ba ya taɓa bushewa, ba kuma ya samun ranar wanki. Na ƙarshe kuɗi da ƙarko. Farashi a kasuwannin Muda Lawal da Wunti na sauyawa kusan kowane wata, don haka da junansu zan kwatanta su.

Randa

Ba zan ɓoye ba, ina da son kai a nan. Ruwan randa da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke kusantar digiri 40 kuma babu wuta, ba abin da ya kamo ƙafarsa. Sanyin daga jikin yumɓun yake zuwa: ruwa na tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, iska na busar da shi a waje, zafin na tafiya tare da shi. Sai dai waɗannan ƙofofin su ne ɗakunan kwanan bakteriya. Cikin randa ba ya taɓa zama sumul kamar roba ko ƙarfe, kuma kullum a jiƙe yake.

Amma babbar matsalar randa ba yumɓu ba ne, moɗa ce. Ku zauna a tsakar gida da la'asar ku duba. Yaro ya dawo daga makarantar allo, ya ɗage faifai ya ajiye a ƙasa, ya nitsa moɗa har wuyan hannunsa saboda ruwan ya yi ƙasa, ya sha, ya mayar da sauran. Moɗar ta faɗi, ƙanwarsa ta ɗauka ta goge da bakin zane ta kife a kan faifan. Kafin magariba hannu goma ya taɓa ruwan da jariri zai sha da dare. In a cikin goman akwai mai gudawa, an gama.

Gwaggonmu takan turara randarta, ta jefa jema a ciki, ruwan ya yi ƙamshin da har yanzu nake tunawa. Ƙamshi ne kawai, ba ya kashe komai, kuma saiwar jema in ta daɗe a ruwa ita ma santsi take yi. A canza ta a kai a kai.

Wajen wanki randa ta yi sa'a, don bakinta na karɓar hannu har gwiwa. A juye ruwan duka, a gurza da soso, a ɗauraye da ruwan zafi, a kife a rana. Sabulu mai ƙamshi kan shiga jikin yumɓu ya ɓata ɗanɗanon ruwa, gara a bar shi. Masu randa biyu sun fi more wa: ɗaya na aiki, ɗaya na shan rana. Kulorin ma ba ya daɗewa a randa mai yauƙi, saboda haka ruwan da aka tafasa ya huce ne ya fi dacewa da ita.

Ana iya gyara ta da ɗan abu kaɗan. A maye gurbin moɗa da ludayi mai dogon mariƙi, a rataye shi a ƙusa, a ɗiba a zuba a kofi, ba a sha da shi. A sami murfi mai rufe bakin ruf. Wanda ke da maginiyar tukwane a kusa na iya sa ta gina masa randa mai ƙaramin baki da rami a gindi don a sa famfo, an yi irin haka a yammacin Kenya. Tulu kuwa tun asali ya rage rabin matsalar, tunda tsiyayowa ake yi, sai dai ba ya ɗaukar ruwa da yawa.

Kuɗinta kaɗan ne, musamman a kasuwannin ƙauye. Tana iya shekaru in ba a motsa ta, tana kuma iya ƙarewa rana ɗaya da ƙwallon yara ko tunkuyin akuya.

Jarka

Jarka kishiyar randa ce ta kowace fuska. Hannu ba ya shiga, tsiyayowa ake yi, tana da murfi mai murɗawa, ana ɗaukar ta a kura ko a bayan mashin. A ranar da aka sayo ta sabuwa, ta fi randa tsare ruwa nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce ranar ba ta daɗewa.

Yawancin jarkokin da ke gidajenmu, rawayen nan masu lita 20 ko 25, ba don ruwa aka yi su ba. Na man girki ne aka sayar bayan man ya ƙare. Maiƙon da ya rage a bango abinci ne ga bakteriya, kuma ba ya fita da ɗauraya ɗaya ko biyu. Ku kunna fitilar waya ku leƙa cikin wadda ta shekara tana aiki: za ku ga baƙi-baƙi ko kore-kore a kusurwoyin gindi da cikin mariƙi, wuraren da babu soson da zai taɓa kaiwa. In jarkar fara ce da haske ke ratsawa kuma ana barin ta a rana, gansakuka kan zo ta tarar da yauƙin su haɗa kai. Murfi kuma shi ne farkon abin da ke ɓata, sai a toshe bakin da leda ko tsumma ko totuwar masara, an gudu ba a tsira ba.

Dabarar da kowa ya sani ita ce a zuba tsakuwa da omo a jijjiga. Tana cire abin da ido ke gani, na yarda. Amma tsakuwa na ƙarce roba, kowane ƙarce kuma sabon lungu ne da yauƙi zai fi saurin kamawa. In za a yi, a yi jefi-jefi, da ƙananan tsakuwoyi masu sulɓi da aka wanke, kuma a bi da ruwan kulorin. Kulorin ne makamin mai jarka, tunda shi kaɗai ke kaiwa inda hannu ba ya kaiwa. A 2004, a sansanin 'yan gudun hijira na Abu Shuk da ke Darfur, gudawa ta ɓarke duk da cewa ruwan da ake rabawa bai nuna matsala daga tushe ba. Ma'aikatan agaji suka bi jarkokin mutane suna wanke su da kulorin mai ƙarfi, daga nan masu kamuwa suka ragu.

Akwai kuma jarkar da ba taku ba, wato ta ɗan ga-ruwa. Ko naku mazubin ya fi madubi ƙyalli, ruwan ya riga ya kwana a jarkar da ke zaga unguwa daga safe zuwa dare. Ba laifinsa ba ne kacokan, mutum ne mai neman abinci da babu wanda ya ba shi kulorin ko lokacin wanki. Amma duk ruwan da ya zo a kura, in na sha ne, a ɗauka yana buƙatar tafasawa ko magani.

Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, kalanzir ko maganin feshin gona, ba ta da gyara. Roba na shan waɗannan abubuwa, babu wankin da ke fitar da su.

A kuɗi babu wadda ta kai tsohuwar jarka araha. Tana jure faɗuwa, amma rana na busar da robar har ta tsage. Ni a ganina jarka abin ɗauko ruwa ce, ba abin ajiye shi kwana da kwanaki ba, kuma wadda cikinta ya yi baƙi ta koma banɗaki ko wanki.

Bokiti mai murfi da famfo

Wannan shi ne kaɗai ya sasanta tambayoyin nan biyu masu faɗa da juna. Bakinsa faɗi ne, soso na kaiwa ko'ina, amma ba ta bakin ake ɗiba ba. Yawancinmu mun san shi ne lokacin Ebola a 2014 da korona a 2020, a ƙofar masallatai da makarantu da bankuna ana wanke hannu. Wata masaniyar kimiyya 'yar Gana, Veronica Bekoe, ce ta ƙirƙiro irin na wanke hannun, shi ya sa ake kiransa da sunanta. Abin mamaki, da annoba ta wuce sai aka jefa su bayan ɗaki, alhali a wurin ruwan sha ma suna da aiki.

An taɓa gwada irin wannan dabara a wani sansanin 'yan gudun hijira a Malawi. Aka ba wasu gidaje bokiti mai murfi da bakin tsiyayowa, wasu aka bar su da buɗaɗɗun bokitansu, duk kuma daga tushe ɗaya suke ɗiba. Ƙwayoyin bayan gida a ruwan masu sabon bokitin sun ragu da kusan kashi 70 cikin 100, gudawar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Girmansa ma alheri ne. Gida mai mutum shida, in kowa ya sha lita uku a ranar zafi, lita 18 ke nan. Bokiti mai lita 20 zai ƙare kullum, kullum kuma akwai damar wanke shi kafin a cika.

Inda yake da rauni shi ne famfon. Cikin famfo matsattse ne, kullum a jiƙe, yauƙi na son sa. Sai an riƙa kwance shi ana jiƙawa a ruwan kulorin ana zura ɗan ƙaramin buroshi. Masu araha kan fara ɗiga bayan 'yan watanni, yara kuma kan kafa baki a kai su tsotsa in an ajiye shi ƙasa-ƙasa. A ɗora shi a kan tebur ko dakali. Ruwan cikinsa kuma ba ya sanyi, wannan kuwa da bazara ba ƙaramin aibi ba ne, don ruwa mai ɗumi shi ke korar mutanen gida su koma wa moɗa. Kula mai famfo ta magance wannan in ana samun ƙanƙara, amma ta fi tsada, kuma ƙanƙarar da aka yi da ruwan da ba a san asalinsa ba na iya rusa duk wahalar da aka sha.

Kuɗinsa ya ɗara na tsohuwar jarka, bai kai na duro ba. Mai aikin famfo na iya huda bokitin da ke gida ya sa masa.

Duro

Ba zan daɗe a kansa ba, don bai dace da ruwan sha ba. Na ƙarfe na tsatsa, tsatsa kuma kaushi ce. Na roba shuɗi sau da yawa ba a san abin da ya fara ɗaukowa ba. Da bokiti ake ɗiba, bokitin da gindinsa ya taɓa ƙasa. Buɗaɗɗen duro wurin ƙyanƙyasar sauron da ke ɗaukar zazzaɓin shawara ne, cutar da ta ɓulla a yankin Alkaleri a 2019, ga kuma haɗarin yaro mai ƙiriniya ya leƙa ya faɗa. Don wanki da wanka yana da amfani, in an rufe shi.

Tanki

Maigidan ƙanwata ba shi da laifi da ya so tanki. Inda ruwa ke zuwa sau ɗaya a sati, babu abin da ya kai shi kwantar da hankali. Hannu ba ya shiga, yana shekaru masu yawa, in kuma aka raba kuɗinsa da yawan litocin da yake ɗauka bai kai tsadar da ake gani ba. Sai dai kuɗin farko na da nauyi: ga tankin, ga dakali ko ƙarfen ɗora shi, ga bututu, ga mai aiki.

Aibinsa a girmansa yake. Tanki mai lita 1,000 a gidan mutum shida da kowa ke amfani da lita 20 zai yi kwana takwas. Ko da kulorin a ruwan da aka zuba, yakan ƙare cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman da zafi, sauran kwanakin ruwan na zaune ba mai gadi. Bututun fitar ruwa kuma ba a can gindi yake ba, yana ɗan sama, don haka laka na taruwa a ƙasa shekara bayan shekara ba ta fita. Ƙurar hunturu na shiga ta murfin da bai rufu ba, wani lokaci har ƙadangare ko tsuntsu. Da yawa ba sa sanin halin da tankinsu ke ciki sai ruwa ya fara wari.

Baƙin tanki na hana haske, gansakuka ba ta tsirowa, amma yana ɗaukar zafi. Ruwa mai ɗumi da ke tsaye, tsakanin digiri 20 zuwa 45, shi ne abin son wata ƙwaya mai suna Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a Filadelfiya ta Amurka a 1976. Ita ta shaƙar feshin ruwa take kama mutum, kamar a shawa, kuma ta fi yi wa tsofaffi da masu raunin jiki illa. Rumfa a kan tanki na rage wannan, tana kuma tsawaita ran robar.

A wanke shi aƙalla sau biyu a shekara, bayan hunturu da bayan damina. A zubar da ruwan, a gurza da buroshi mai dogon mariƙi, a kwashe lakar. Kada kowa ya shiga cikin tanki bayan an zuba kulorin, kada kuma a tura yaro ciki don ƙaramin jikinsa.

| Mazubi | Kuɗi | Ƙarko | Hannu na taɓa ruwa? | Wankewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Randa | Kaɗan | Shekaru, amma tana fashewa | E, ta moɗa | Da sauƙi | Hannun yara, kaushin yumɓu |
| Jarka | Mafi araha | Matsakaici | A'a | Da wuya ƙwarai | Yauƙin da ba ya fita, abin da ta fara ɗauka |
| Bokiti mai famfo | Matsakaici | Famfo na saurin lalacewa | A'a | Mafi sauƙi | Cikin famfo |
| Duro | Ya ɗara bokiti | Mai kyau | E, ta bokiti | Matsakaici | Sauro, tsatsa, faɗawar yaro |
| Tanki | Mafi tsada | Shekaru masu yawa | A'a | Aiki ne babba | Daɗewar ruwa, laka, zafi |

Wanki da maganin ruwa

Ko wanne aka zaɓa, tsarin wankin ba ya canzawa: a fara gurzawa, sannan kulorin, sannan rana. In aka fara da kulorin, saman yauƙin kawai zai ƙone, kamar dai ruwan khal ɗin mutumin Holan. Bilicin wanki marar turare irin su Hypo da Jik, in kwalbar ta nuna ƙarfinsa kashi 3.5 cikin 100 ne, ana haɗa kofi ɗaya da kofi 16 na ruwa don wanke mazubin roba. A bar shi kamar rabin awa, a zubar, a ɗauraye sosai. Wannan haɗin na wanki ne, ba na sha ba, kuma ba a gauraya bilici da maganin wanke masai, don hayaƙi mai guba ke tashi.

Na sha kuwa, ko dai a tafasa ruwan ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin irin su WaterGuard ko Aquatabs daidai yadda aka rubuta a jiki, a jira minti 30. In ruwan ya yi gurɓi, a fara kwantar da shi da alam ko a tace. Alam ba ya kashe ƙwayoyi, datti kawai yake kwantarwa. Tacewa da tsabtataccen zane ma ba wasa ba ce: a ƙauyukan Bangaladash, binciken da wata masaniyar bakteriya, Rita Colwell, ta jagoranta ya nuna a 2003 cewa tace ruwan kogi da tsohon zane mai ninki huɗu ya rage kwalara da kusan rabi, saboda ƙwayar na maƙale ne a jikin ƙananan halittun ruwa da zanen ke tarewa.

Wa ya dace da me?

Gidan da ke da jariri, mai juna biyu, tsoho ko majiyyaci, bokiti mai murfi da famfo ya fi, da ruwan da aka tafasa ko aka sa wa magani, ana wanke shi kullum. Haka ma makarantar allo, shago ko gidan haya mai mutane da yawa, inda ba wanda zai iya gadin moɗa.

Wanda ba shi da wuta kuma ba ya iya shan ruwa mai ɗumi ya riƙe randarsa, amma ƙarama wadda za ta ƙare cikin kwana ɗaya ko biyu, da ludayi da murfi. In kwalara ta ɓulla a unguwa, a jingine ta har abin ya lafa.

Ɗalibi ko gwauro mai ɗaki ɗaya, jarka ta ishe shi, in sabuwa ce ko an tabbatar man girki kaɗai ta ɗauka, tana da murfinta, ana kuma bin ta da kulorin duk sati. Jarkar sha daban, ta wanka daban.

Mai iyali da yawa a unguwar da ruwa ke wuya, in yana da hali ya sayi tanki, amma ya ɗauke shi a matsayin rumbu. Daga rumbu ake ɗiba a gyara, a zuba a ƙaramin mazubi, sannan a sha. Duro ya tsaya a wanki.

Ƙanwata dai ta huda bokiti an sa masa famfo, tankin kuma an ɗage sai bayan kaka. Randar tana nan a inuwar zaure, don kyautar suruka ba a mayar da ita. Da tsohuwar ta zo ganin ɗaki ta tarar da ludayi rataye a ƙusa, sai ta tambaya ina moɗar da ta aiko. Ƙanwata ta ce, "Inna, tana cikin buhu, da ita nake auna gero."